Kuben fata, Kydex ko nailan: wanne ya fi hana ƙaramar bindiga tashi a jikinka?

Duk wanda aikinsa ko lasisinsa ya ba shi damar ɗaukar ƙaramar bindiga sai ya zo wannan gaɓar, bindiga ta zo hannu, saura abun da za a saka ta a ciki. Abun da na lura shi ne mutum zai ɓata lokaci yana tambaya da bincike kan bindigar kanta, amma da an zo kan kube sai ya ɗauki duk wanda ya samu, alhali kuben nan shi ne zai wuni manne da ƙugunsa da harsashi a ɗane, bakin bindiga na kallon cinyarsa ko ɗuwawunsa ko mutumin da ke tsaye a bayansa.

Kafin a shiga kwatance ya kamata a gane yadda bindigar ke tashi. Ƙananan bindigogin zamani, in dai lafiyarsu ƙalau, ba sa tashi sai an ja kunama. Ɗauki Glock misali, wadda ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, tana da matakan tsaro guda uku a cikinta amma duka ukun suna sakin kansu ne da zarar an ja kunamar, babu wani sefti, wato maɓallin kulle bindiga, na waje da za ka taɓa da babban yatsa, kuma nauyin da ake buƙata a ja ta wajen kilo 2.5 ne. Toh ita bindiga ba ta bambance yatsa da gefen riga, ko igiyar jaket, ko fatar kube da ta lanƙwashe. Duk abun da ya shiga zoben ƙarfen nan da ya kewaye kunama ya tura ta baya, ta tashi kenan. A 2014 wani shugaban 'yan sanda a jihar Indiana ta Amurka ya harbi ƙafarsa ta haka, igiyar jaket ɗinsa ce ta bi bindigar cikin kube, da ya ja jaket ɗin sai ta ja kunamar. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana riƙe da makami, ba ɗan koyo ba.

Abubuwan da nake auna kube da su

Na farko kuma wanda ba a sassauci a kansa, kube ya rufe kunama ruf ta ɓangare biyu, kuma da abu mai tauri. Gwajin ba wuya. Cire magazin, wato gidan harsasai, ka fitar da harsashin da ke cikin bindigar, ka duba da ido ka sake dubawa, ka kai harsasan wani ɗakin daban, sannan ka saka bindigar a kube ka gwada danna kunamar ta waje da yatsa ko ka zura biro ta gefe. In ta motsa ko da kaɗan ne, wannan kuben bai ci jarabawa ba, komai kyansa.

Na biyu, bakin kuben ya tsaya a buɗe bayan an zare bindiga. Wannan mutane da yawa ba sa tunaninsa sai sun je mayarwa. In bakin ya rufe saboda bel ya matse shi, sai ka ga mutum ya sa hannun hagu yana buɗewa, bakin bindiga na wucewa ta kan yatsunsa, ko kuma ya karkata bindigar yana cusa bakinta yana lalube, a lokacin tana kallon cikin ƙugunsa kai tsaye. Masu koyar da harbi sun daɗe suna cewa lokacin mayar da bindiga kube na cikin lokutan da aka fi harbin kai, kuma in ka kalli yadda hannu da tufafi da kunama ke haɗuwa a wuri ɗaya a wannan daƙiƙar za ka ga dalili.

Na uku riƙo. Da bindiga babu harsashi, ka juya kuben kai ƙasa a saman katifa ka ɗan girgiza, bai kamata ta faɗo ba. Na huɗu, kuben ya zauna daram a bel, kar ya biyo bindigar in an zaro, kar kuma ya dinga yawo yana sauya wuri. Sai bayan waɗannan ne nake zuwa kan kuɗi da ƙarko da daɗin sakawa, duk da daɗin sakawar ma yana da alaƙa da tsaro, don kuben da ke cizon mutum zai sa ya dinga taɓawa yana gyarawa yana cirewa a mota yana ajiyewa, kuma duk taɓawar da ba ta zama dole ba ƙarin dama ce ta kuskure.

Nailan mai laushi, wanda ake cewa yana ɗaukar kowace bindiga

Shi ne mafi arha kuma shi aka fi samu ko'ina, kuma gaskiya ba zan ɓoye ba, ba na ba kowa shawarar ɗaukar bindiga a ɗane a cikinsa. Abun da aka ɗinka don ya ɗauki bindiga iri ashirin ba zai zauna daidai da ko ɗaya ba. Yadin laushi gare shi, za ka iya danna kunama ta jikinsa, bakinsa na rufewa da zarar an zare, kuma riƙonsa ya dogara ne da wata 'yar igiya mai maɓalli wadda ita kanta tana iya faɗawa cikin zoben kunama lokacin mayarwa. Ƙarkonsa ma ba wani abun a zo a gani ba ne, ɗinki na warwarewa, kilif ɗin da ke maƙale shi a bel na saki. Arha dai ba ta ado. In za a yi amfani da shi, toh a ajiye bindiga marar harsashi a cikin akwati don kar ta goge, iyakarsa kenan.

Fata

A nan ne maganar ta fi tsawo, don fata kala-kala ce. Kuben fata da gwani ya matse shi a kan siffar bindiga guda ɗaya, da fata mai kauri, aka ninka bakinsa ko aka sa masa siririn ƙarfe a ciki don kar ya rufe, wannan kube ne na gaske kuma an yi shekaru aru-aru ana amfani da irinsa. Yana bin jiki, ba ya ƙara in ana zarewa, ba ya cin fentin bindiga sosai, kuma in ya saba da ƙugunka za ka iya wuni da shi ba damuwa. Kuɗinsa daga matsakaici ne zuwa mai tsada, kuma sabo yana zuwa a matse, sai an ɗan yi ta sakawa ana cirewa kafin ya saki.

Matsalarsa tsufa. Fata na shan gumi da ruwan sama da man bindiga, a hankali tana laushi kamar tsohon takalmi, kuma wurin da ya fi saurin lanƙwashewa shi ne daidai gefen da ke kusa da kunama, saboda nan ne ake yawan gogawa. Ranar da wannan lanƙwasar ta yi zurfin da za ta leƙa cikin zoben, mutum zai tura bindiga ƙasa fatar ta tsaya a gaban kunama, ko ma bindigar na ciki ya zauna a kujerar mota jikinsa ya motsa kuben, shikenan. Abun tsoron shi ne ba rana ɗaya yake faruwa ba, kuben da ya yi maka aiki lafiya shekaru shi ne zai juye, kuma saboda sabo ba ka ma kallonsa. Don haka mai kuben fata dole ya ɗauki dubawa a matsayin aiki, lokaci-lokaci ya cire shi ya matsa bakin da yatsu ya gani ko ya fara naɗewa. Kar kuma a shafa masa irin man da ke tausasa fata, taurin nan shi ake nema. In yana da igiyar da ke ratsa bayan bindiga wadda ake ɓallewa da babban yatsa, a tabbata an kawar da ita gefe kafin a mayar. Ranar da ya yi laushi a yanka shi a jefar, kar a ba wani.

Kydex da sauran roba mai tauri

Kydex wata roba ce da kamfanin Rohm and Haas ya fitar a 1965, asali don kayan cikin jirgin sama, daga baya Bill Rogers, wani tsohon jami'in FBI, ya fara yin kube da ita a shekarun 1970. Ana dumama faifan ne a matse shi a kan siffar bindigar, kaurinsa yawanci wajen milimita 2, in ya huce ya daskare a haka. Ta fuskar abubuwa biyun farko da na lissafa babu wanda ya kama ƙafarsa, zoben kunama na rufe da abu mai tauri ta kowane gefe, baki ba ya rufewa ko bel ya matse shi, gumi ba ya shigarsa, kuma in bindiga ta zauna za ka ji ta yi ƙas, ka san ta kai. Yawancinsu suna da sukuru da ake ƙara riƙo ko a rage. Kuɗinsa matsakaici, sau da yawa bai kai na fata mai kyau ba.

Amma shi ma yana da nasa. Yana da tauri a jiki musamman ga mai zama da yawa, yana goge fentin bindiga a wuraren da yake riƙewa, sukurorinsa na kwancewa da kansu in ba a duba, kuma yana tsagewa a wajen kilif in ya tsufa. Zafi ma na cutar da shi, in aka bar shi cikin mota a rufe a tsakar rana yana iya sauya siffa ya daina riƙo. Sai wani abu da nake so a kula da shi sosai, kuben da aka yi don bindiga mai fitila a ƙasan bututu. Tunda fitilar ta fi zoben kunama faɗi, dole a buɗa wa kuben hanya don ta wuce, wannan sai ya bar rata a gefen kunama wadda ƙaramin yatsa ko mukulli ko igiya za ta iya shiga. In ba ka buƙatar fitilar da gaske, ka sayi marar fitila. In kana buƙata, ka sayi wanda aka yi don wannan bindigar da wannan fitilar takamaimai, ka kuma yi gwajin biron nan. Kar a saka bindiga marar fitila a kuben mai fitila, don riƙon a jikin fitilar yake, in babu ita bindigar lilo za ta dinga yi.

Haɗaka, fata a baya roba a gaba

An ƙirƙiro shi ne don a samu daɗin fata da taurin Kydex a wuri ɗaya, faffaɗar fata ko soso ta ɓangaren jiki, kwanon roba ta waje. Daɗi kam akwai shi, nauyin bindigar na bajewa a ƙugu. Sai dai gefe ɗaya ne kawai mai tauri. Bayan na laushi da gumi, samansa na naɗowa ya rufe bakin, kuma riƙon ya dogara da yadda bel ya matse jikinka, wato in ka sassauta bel riƙo ya ragu. Akwai sababbi da ake yin cikakken kwanon Kydex mai gefe biyu sannan a manna masa laushi ta baya, in haɗaka kake so wannan za ka nema.

Kube mai makulli

Wannan na masu ɗaukar bindiga a fili ne, 'yan sanda da sojoji da masu gadi, inda haɗarin ba tashin bindiga kaɗai ba ne, har da wani ya fizge ta. Kamfanin Safariland ne ya yaɗa tsarin nan na mataki na 1, na 2, na 3, gwargwadon yawan abun da sai ka sake kafin bindiga ta fito. Shi ne mafi tsada, mafi girma, ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin riga, amma yana daɗewa, kuma yana buƙatar atisaye sosai har hannu ya haddace.

A nan akwai zaɓi a cikin zaɓi, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kai. Wasu makullan da babban yatsa ake sakinsu, wasu kuma da yatsan manuni, wato yatsan harbi, ana danna wani maɓalli a gefen kuben. Na biyun nan ina gudunsa. Kana danna maɓalli ciki da ƙarfi kana jan bindiga sama, in hankali ya tashi ko makullin ya ɗan cije sai yatsan ya lanƙwashe ya ci gaba da dannawa, da bindigar ta fito sai ya zame ya faɗa kan kunama, bakinta na kallon cinya. Akwai makarantun koyon harbi a Amurka da suka hana shiga da irinsa. Masu kare shi na cewa in ka miƙe yatsan yadda aka tsara ba matsala, kuma haka ne a ranar da komai ke tafiya daidai. Amma Roger Enoka, masanin yadda tsoka ke aiki, ya bayyana cewa yatsu na damƙewa da kansu ba da niyya ba in mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ɗayan hannun ya damƙi wani abu da ƙarfi, kuma waɗannan su ne ainihin yanayin da jami'i ke zaro bindiga a ciki. Yatsan harbi bai kamata a ba shi wani aikin dannawa a kusa da kunama ba.

| Nau'i | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin amfani | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Nailan mai laushi | mafi arha | kaɗan | mayarwa na da wuya | ana iya danna kunama ta jikinsa |
| Fata mai kyau | matsakaici zuwa tsada | mai tsawo in ana kula | daɗi a jiki | laushi da lanƙwasa in ya tsufa |
| Kydex | matsakaici | mai tsawo | mayarwa da hannu ɗaya | rata a mai fitila, sukuru, zafi |
| Haɗaka | matsakaici | bayan na riga gaban mutuwa | daɗi sosai | gefe ɗaya ne mai tauri |
| Mai makulli | mafi tsada | mai tsawo sosai | sai da atisaye | makullin yatsan manuni |

Inda za a rataya shi ma zaɓi ne

Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, ya yaɗa ƙa'idoji huɗu, a ciki akwai cewa kar bakin bindiga ya kalli abun da ba ka shirya lalatawa ba, kuma yatsa ya nisanci kunama sai an saita. In ka auna wuraren ratayawa da wannan, gefen ƙugu ta hannun da kake harbi shi ya fi sauƙin yafiya, bakin na kallon ƙasa ta gefen ƙafa. Gaban mara, wanda ya yi tashe yanzu saboda saurin zarowa da ɓoyuwa, yana da fa'idar cewa kana ganin kuben da idonka, amma kuskure a nan na iya samun babbar jijiyar jinin cinya, wadda in ta fashe mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, don haka ba wurin ɗan koyo ba ne kuma ba wurin kube mai laushi ba ne sam. Tsakiyar baya ba ka ganin komai lokacin mayarwa, in ka faɗi kuma ƙarfe na kan ƙashin bayanka. Na hammata mai kwance yana nuna duk wanda ke bayanka, zarowa kuma na ratsa hannunka na hagu. Aljihu na yiwuwa ga 'yar ƙaramar bindiga, amma da kuben aljihu mai rufe kunama, kuma aljihun nan ba mukulli ba kuɗi ba komai.

Jaka ita ce ta fi tayar min da hankali. A Disambar 2014 a jihar Idaho ta Amurka, yaro ɗan shekara 2 ya zuge jakar mahaifiyarsa a cikin kanti ya kai hannu kan bindigar, ta tashi, uwar ta rasu. Jaka ana ajiye ta, ana juya mata baya. Shi kuwa soka bindiga a wando ba kube, wannan ba ya cikin lissafi ma. Haka Plaxico Burress, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka na ƙungiyar New York Giants, ya yi a Nuwambar 2008, bindigar ta zame ya kai hannu ya cafke ta ya harbi cinyarsa, ya kuma ƙare a gidan yari saboda ba shi da lasisin riƙe ta a New York. In bindiga ta kuɓuce a bar ta ta faɗi, yawancin na zamani an yi su da kariyar faɗuwa, hannun da ke cafka ne ke samun kunama.

Kowane kube ka zaɓa, mayarwa iri ɗaya ce. Zarowa ce ke iya buƙatar sauri, mayarwa ba ta taɓa buƙata. Ka ɗage riga da ɗayan hannun ka manna shi a ƙirji, ka kalli cikin kuben, yatsa a miƙe can sama a jikin bindigar, in mai sefti ce ka sa shi a kulle, in mai guduma ce a waje, wato ƙarfen bayan bindiga da ke bugawa harsashi ya tashi, ka ɗora babban yatsa a kai don ka ji in ta fara motsi, sannan ka tura a hankali. In ka ji ta cije ka tsaya ka fito da ita ka duba, kar ka ƙara ƙarfi. Kuma da safe ko da dare, ko a banɗaki, a cire kube da bindiga tare a matsayin abu ɗaya.

Toh wa ya dace da wanne? Wanda yanzu ya fara, ko bindigarsa irin marar sefti ce ta waje, ya sayi Kydex da aka yi don samfurin bindigarsa daidai, ya sa shi a gefen ƙugu da bel mai tauri, ya yi ta gwaji da bindiga babu harsashi kafin ya ɗana. Jami'in da ke ɗauka a fili cikin jama'a, mai makulli mataki na 2 ko na 3 wanda ake saki da babban yatsa, in dai wurin aikinsa ya bar masa zaɓi. Wanda ke wuni a zaune ko fatar jikinsa ba ta jure roba, fata mai kauri mai ƙarfafaffen baki, da sharaɗin zai dinga dubawa ya kuma yarda ya rabu da shi in ya tsufa, ko haɗaka mai cikakken kwano. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya ɗan jira ya tara ya sayi Kydex marar ado da ya saka bindiga a ɗane cikin nailan. Mai yara a gida kuma, duk wanda ya saya a cikin waɗannan, da ya cire shi daga ƙugu bindigar ta wuce akwati mai kulle, harsasai a wani wurin daban, don kube ba ya hana yaro zarowa.